Farin gashi a bayan doki: furfura ce ko tabon sirdi?

Tambaya: Likita, ina da ingarma akawal, wanda ya sayar mini ya ce shekararsa bakwai. Bayan hawan Sallah da kamar wata biyu sai farin gashi ya fito masa wuri biyu, dama da hagu, daidai inda gaban sirdi ke zama, kowanne ya kai tafin hannun yaro. Baƙinsa kuma ya koɗe, ya koma ja-ja a gadon baya da bakin geza. Wasu sun ce furfura ce, tsoho aka sayar mini. Wani ya ce ciwon fata ne, in shafa masa baƙin mai. Sannan goɗiyar ƙanena ta haifi ɗa baƙi wuluk, yanzu fari ya fara zagaye idanunsa. Duk abu ɗaya ne? Akwai maganin da zai dawo da launin?

Amsa: Malam, abu uku ka kawo, kowanne da sababinsa. Farin da ke wurin zaman sirdi tabo ne, sirdin ne ya yi shi, kuma da wuya ƙwarai ya sake komawa baƙi. Jan da ya hau bayansa aikin rana ne da gumi, wataƙila da ƙarancin wani abu a cimarsa, wannan kuwa yana gyaruwa. Na ɗan goɗiyar ƙanenka ga dukkan alamu gado ne. Amma kafin komai, kada baƙin mai ya taɓa jikin dokin nan. Yana ƙona fata, doki yana lasa ya shiga cikinsa, kuma ƙunar da zai yi ita kanta tana iya haifar da sabon farin gashi a inda babu shi a da.

Gashi ba ya yi wa kansa launi. A gindin kowane sili, can cikin fata, akwai ƙananan ƙwayoyi da aikinsu shi ne haɗa sinadarin launi, melanin, su ɗura shi cikin gashin yayin da yake tsirowa. Melanin iri biyu ne, baƙi da ja, kuma akawal da bikili da aharas da gunya duk daga yawan waɗannan biyun da yadda suka rarrabu a jiki suke fitowa. Farin gashi shi ne wanda ya tsiro ba a ɗura masa komai ba. Ƙwayoyin launin nan ba su da juriyar ƙwayoyin da ke gina gashin kansa, abu kaɗan ke kashe su. Shi ya sa wuri zai ji rauni, ya warke, gashi ya dawo lafiya lau amma fari. Sai raunin ya yi zurfi ya cinye gindin gashin ne ake samun tabo sanƙo.

A Amurka da gangan ma ake yin wannan, tun shekarun 1960, don sa wa dabba shaida. Ana tsoma ƙarfen tambari cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a danna shi 'yan daƙiƙoƙi a kan fatar da aka aske. Sanyin ya kashe ƙwayoyin launi ya bar gindin gashi, bayan wata biyu zuwa uku sai lambar ta fito da farin gashi raɗau. Haka gwamnatinsu ke yi wa dawakin jeji da ta kama, a gefen hagu na wuya. Lalas irin namu da ƙarfe mai zafi kuwa gindin gashin yake ƙonewa gaba ɗaya, gefen tabon ne kawai kan fito da fari.

To ka tuna yadda ranar hawa take. Tun da hantsi an ɗaura sirdi, an ja majayi an tamke, an ɗora jalala da sauran kayan ado, mahayi ya hau da babbar riga da rawani, wani har da alkyabba. Daga nan sai jira. A ɗan taka, a tsaya, a sake takawa, har la'asar sakaliya, gobe a sake, jibi a sake. Mutane sun fi zargin sukuwa, amma doguwar tsayuwa da mutum a kai ta fi yi wa baya ɓarna. In sirdi ya matse, nauyin duka yana taruwa ne a wurare biyu ƙanana a gefen doron kafaɗa, wato ƙashin nan da ya ɗan tashi tsakanin ƙarshen geza da gadon baya, maimakon ya bazu a tsawon bayan. Ƙananan jijiyoyin da ke kai wa fata jini a wurin sai su danne, jinin ya daina isa, ga shi ba a sauke ba balle wurin ya huta. Ƙwayoyin launi su ne farkon mutuwa. Ranar ba abin da za ka gani sai ɗan kumburi mai zafi da ke tasowa bayan an sauke sirdi, kwana ɗaya ko biyu ya sace, kowa ya manta. Gashin da ke wurin a lokacin ya riga ya sami launinsa, sai ya zube sabo ya fito kafin farin ya bayyana. Wata biyun da ka ambata sun yi daidai da haka.

Wurin da fari ya fito shi ke faɗin abin da ya yi shi. Dama da hagu daidai wa daida irin naka, sirdi ne da gabansa ya yi wa dokin ƙunci. Da a saman doron kafaɗar ya fito, da na ce sirdin ya yi faɗi har ya zauna a kan ƙashi. Da a gefe ɗaya ne, da sai a duba ko huhun sirdin, wato cushen da ke ƙarƙashinsa, ya lotsa ta ɓangare guda, ko mahayin yana karkata, ko likkafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko dokin yana ɗingishi a ɓoye. Na hammata aikin majayi ne. Na karan hanci da bayan kunne ragama ce da ake bari a kansa dare da rana. Zobe fari a saman kofato igiyar dabaibayi ce, musamman ta nailan da ta kori ta kaba a kasuwa. Ɗige-ɗige a haƙarƙari kaimi ne. A dawakin folo kuma akan ga layi fari a bayan ƙwauri, inda aka ɗaure bandeji da ƙarfi aka bar shi ya kwana.

Ka gwada sirdin da hannunka. Ɗora shi a bayan dokin babu zubka, wato shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, ba a ja majayi ba. Zura tafin hannu ƙarƙashin gabansa ka bi gefen kafaɗa daga sama zuwa ƙasa. In hannunka ya maƙale daidai inda farin gashin yake, magana ta ƙare. Sannan a ɗaura shi sosai mutum ya hau. Ya kamata yatsu biyu zuwa uku a tsaye su shiga tsakanin doron kafaɗa da goshin sirdi, kuma kada itace ko huhu ya taɓa ƙashin baya ko'ina, daga gaba har ƙarshe. Gwaji na uku sai an yi tafiya dokin ya jiƙe. Da an sauke sirdi ka dubi bayan tun bai bushe ba. Gumi ya kamata ya jiƙa mazaunin sirdi bai ɗaya. In ka ga ɗan wuri busasshe ƙamas a tsakiyar jiƙa, to an danne shi har gumi ya kasa fita, nan ne farin gashi na gaba zai fito. Ka bi wurin da ɗan yatsa kana dannawa a hankali kana kallon dokin: fata ta girgiza, ya lanƙwasa baya, ya kwantar da kunne, ya kaɗa wutsiya, duk amsa yake ba ka.

Abin da yawancin masu doki ke yi in sun lura shi ne su ƙara zubka, su ninka bargo su cusa. Ga sirdin da ya yi faɗi wannan yana taimakawa na ɗan lokaci. Ga wanda ya matse kuwa ƙara matsi ne, kamar wanda hula ta yi wa kaɗan ya naɗa ƙyalle a cikinta. Sirdin za a kai wa masu yin sa su buɗa shi su sake huhun, ko a nemi wani. In da hali a kai dokin tare, a auna a jikinsa. Kuma sirdin da ya zauna wa doki bara ba lallai ya zauna masa bana ba, domin jiki yana sauyawa. Dokin da ya rame da rani, aka cika shi da gero da dusa gab da Sallah, bayansa ya ƙara faɗi, sirdin yana nan yadda yake. Ga aron sirdi ranar hawa, ga gidan da sirdi ɗaya ke yawo a kan dawaki uku. Duk daga nan tabon yake zuwa. A riƙa sauka ana sassauta majayi lokacin dogon jira, a wanke zubka a bushe ta, domin gumin da ya daskare da ƙura yana goge fata. In akwai kumburi bayan hawa a zuba ruwan sanyi. In fata ta fashe, sirdi ba zai sake hawa bayan ba sai ta rufe gaba ɗaya.

Na tsaya a kan wannan ne don farin gashin kansa ba ya ciwo, amma shaida ce cewa dokin ya yini cikin ciwo ba wanda ya sani. Dawaki da yawa da ake cewa suna da mugun hali, masu cizo in an zo ɗaura sirdi, masu zillewa in an sa ƙafa a likkafa, masu tirjiya a gangara, in ka duba bayansu za ka tarar da irin wannan tabon. Ana yi musu bulala a kan abin da sirdi ya jawo. Wannan ya fi damuna fiye da launin.

Game da ko zai dawo: in tsilli-tsilli ne, fari gauraye da baƙi, aka kuma gyara sirdi da wuri, wani lokaci yakan ragu a sauyin gashi na gaba. Wanda ya yi fari fat kamar tafin hannu ya zauna ke nan. Babu allura, babu man shafawa, babu jiƙon da zai tayar da ƙwayoyin da suka mutu, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinka yake so. Rini yana rufewa har gashi ya sake tsirowa, shi ke nan. Tabon bai rage wa dokin ƙarfi ko gudu ba.

Masu cewa tsoho aka sayar maka kuwa, furfurar doki ba a baya take farawa ba, kuma ba ta yin dunƙule. A fuska take fitowa, a ramin saman ido, da gefen goshi, da kewayen baki, sili-sili, kuma ba a cika ganin ta ba sai doki ya haura 15, wani sai ya kusa 20. In kana son tabbaci, buɗe bakinsa. A shekara 5 haƙoran gaba na dindindin sun gama fitowa. A saman kowane haƙorin gaba na ƙasa akwai ɗan baƙin rami da ke gogewa da cin abinci: na tsakiya biyu ya kan shafe wajen shekara 6, na kusa da su wajen 7, na gefe wajen 8. In ramin na gefe yana nan, mai sayarwar bai yi nisa da gaskiya ba. A haƙorin gefe na sama kuma akwai wani tsagi mai duhu da ke leƙowa daga dasashi wajen shekara 10, ya kai rabin haƙori wajen 15, ya kai ƙarshe wajen 20. Ƙiyasi ne, yanayin abinci da cin ƙasa suna sa haƙori ya goge da wuri, amma ya isa ya raba ɗan bakwai da ɗan sha bakwai.

Sai batun ja-jan. Gashin da ya riga ya fito mataccen abu ne, rana tana cin melanin da ke cikinsa, kuma a baƙin doki abin ya fi fitowa fili. Gishirin gumin da ya bushe a jiki yana ƙara hanzarta shi. Buɗa gashin gadon bayan da yatsu biyu ka duba: in gindin silin baƙi ne ƙarshensa ja, sannan ƙarƙashin ciki da ƙasan geza suna nan baƙi, to rana ce. Turke a fili daga hantsi zuwa la'asar a watan Maris da Afrilu ya isa ya mai da akawal ruwan ƙasa. A yi masa rumfa, a ɗauraye gumi da ruwa zalla bayan kowane hawa, a daina wanke shi da garin sabulun wanki, yana kwashe maiƙon da ke kare gashi. Wanda ya koɗe ba zai sake yin baƙi ba, sai sabon ya fito. Da ma launin doki yana tafiya da lokaci, gashin hunturu ya fi tsawo da dishi-dishi, na damina ya fi gajarta da sheƙi.

In kuwa koɗewar ta kama har inda rana ba ta kai wa, gashin ya yi kaushi, sabon ma ya fito ja, to a duba cima. Sinadarin da ke haɗa melanin a cikin ƙwayoyin launi ba ya aiki sai da tagulla, 'yar kaɗan ƙwarai, wadda doki ke samu daga abinci. Ma'aunin da majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar a 2007 ya nuna doki mai kilo 500 yana bukatar miligiram 100 na tagulla da 400 na zinki a rana. Dawakinmu na gida ba su cika kai wannan nauyi ba, nasu bai kai haka ba. Kanwa ba ta cike wannan gurbi, ita gishiri ce irin na soda, amfaninta daban. Yawan sinadarin ƙarfe kuma yana hana jiki tsotsar tagulla, don haka maganin ƙarin jini da ake ɗura wa doki ba tare da an gwada jininsa ba yana iya ƙara dagula launin maimakon ya gyara. Ka nemi garin sinadaran abinci da aka haɗa don doki, ka bi awon da ke jikin buhun, ka ba shi wata biyu zuwa uku kafin ka yi hukunci. Amma ka kiyaye, in akwai raguna a gidan kada su kai baki ga kwanon dokin. Tumaki suna tara tagulla a hanta, abin da doki ke ci lafiya yana iya kashe rago. A kai kashin dokin a duba tsutsar ciki ma, ita kaɗai tana dusashe gashi. Ƙarancin abinci dai ba ya yin farin dunƙule mai iyaka, jiki duka yake dusashewa.

Akwai wasu fararen da ba sirdi ba ne ba kuma rana ba. Kirci na damina da makero in sun warke gashin wurin yakan dawo da wani launi, ko fari ko mai duhu. Cizon kaska yana barin ɗigo fari a ƙarƙashin geza da cinyoyi. Inda aka yi allurar kashe zafi don ɗinki yakan yi fari daga baya, haka bakin da ya daɗe yana gogar wata irin roba. Wasu dawakin kuma ɗige-ɗige kamar ƙwayar wake ke fito musu a jiki suna manya, su ɓace, su sake fitowa wani wuri, fata lafiya lau, ba sa bukatar komai.

Wanda ya kamata ka bambance shi ne inda fatar kanta ta rasa launi ta koma ja-fari. Akwai bitiligo, da ya fi kama dawaki masu jinin Larabawa tun suna shekara ɗaya zuwa biyu, a kewayen ido da leɓe da ƙarƙashin wutsiya. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba ya yaɗuwa zuwa wani doki, wani lokaci launin ya dawo da kansa, abin da ake yi kawai a kare wurin daga rana. In kuwa da ƙaiƙayi da ɓawo da zubar gashi a fuska da wuya da tsakiyar ciki, akwai wata siririyar tsutsa da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke sakawa, 'ya'yanta suna yawo cikin fata, maganin tsutsa mai suna aibamektin yana kashe 'ya'yan. Farin da ya fito a al'aurar ingarma ko goɗiya bayan barbara shi ne ba a wasa da shi. Sau da yawa tabon wasu ƙuraje ne da ke warkewa cikin mako biyu zuwa uku su bar ɗigo fari. Amma in ya zo da kumburin al'aura, da rama duk da yana ci, da wasu faya-fayan kumburi da ke tashi a jiki su ɓace, da raunin ƙafafun baya, to akwai wata cuta 'yar uwar sammore da ake ɗauka wajen barbara, tana kisa, kuma tana cikin cututtukan da dole a sanar da hukumar dabbobi. A dakatar da barbara nan take, a ɗebi jini. Tsohon doki kuma da gashinsa ya yi tsawo ya nannaɗe ya ƙi zuba, launinsa ya yi haske, yana yawan sha da fitsari, kofato na damunsa, ciwon Kushin ne daga wani ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa. Yana kama kusan ɗaya cikin biyar na dawakin da suka wuce 15, ana gano shi da gwajin jini, kuma akwai ƙwayar da ake ba shi kullum.

Ɗan goɗiyar ƙanenka kuwa, yadda ka ce an haife shi baƙi wuluk shi kansa alama ce. Ɗan da zai zama akawal na gaske yawanci da launin toka-toka ake haihuwarsa, sai ya zubar da gashin jarirai wajen wata 3 zuwa 4 baƙin ya fito. Wanda ya faɗo da baƙi cikakke irin na babban doki, sannan farin sili ya fara zagaye ido da baki, kili ne ke tafe, wato farin doki. Shekara-shekara farin zai ƙaru, ya bi ta hurde mai zane-zanen toka, yawanci tsakanin shekara 6 zuwa 8 ya zama fari, wani da ɗige-ɗigen ja ko baƙi a jiki. Ka tambayi ƙanen naka launin uwar da uban. Dole ɗaya a cikinsu ya kasance mai irin wannan fari, domin gadon ba ya tsallake tsara. Mahaifin da ya ɗauko shi ta ɓangare ɗaya, rabin 'ya'yansa a ƙiyasi za su yi fari. Wanda ya ɗauko ta uwa da uba, duk ɗan da ya haifa sai ya yi fari, shi kansa kuma ya fi saurin farin. In an tabbatar babu kili a iyayen biyu, to a sake duba idon da kyau, ko zubar gashin jarirai ne kawai, wadda ita ma daga kewayen ido take farawa, ko kuma fatar ce ta rasa launi.

A 2008 masu bincike a Jami'ar Ufsala ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Farfesa Leif Andersson, suka gano tushen abin: wani ɗan yanki ne da ya maimaitu a cikin ƙwayar gado mai suna STX17. Sun same shi iri ɗaya a fararen dawaki na jinsuna daban-daban, abin da ke nuna duk daga kaka ɗaya suka gaje shi tun zamani mai nisa. Fararen dawakin Lifizana na makarantar hawa ta birnin Biyana a Ostiriya da duhu ake haihuwarsu, kamar ɗan naku. Kada a rikita wannan da bidi, wanda farin sili ke gauraye da launinsa tun yana ƙarami, kai da ƙafafu suna nan da duhu, kuma ba ya ƙara fari da shekaru. Shi bidi in ya ji rauni, gashin wurin da duhu yake dawowa, akasin sauran dawaki.

Fatar kili baƙa ce a ƙarƙashin farin gashin, don haka ranarmu ba ta ƙona shi yadda take ƙona farin hancin danda ko fatar doki mai shuɗin ido. Matsalarsa wata ce daban. Wannan gadon yana sa ƙwayoyin launi su riƙa hayayyafa fiye da kima. A gindin gashi sai su ƙare da wuri, shi ne farin. A fata kuma sai su taru su yi ƙulli baƙi, melanoma. Kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na irin waɗannan dawaki suna da shi in sun wuce shekara 15. Yana fitowa a ƙarƙashin wutsiya, da kewayen dubura, da jakar mazakuta, da leɓe, da ƙasan kunne wajen muƙamuƙi. Da farko ɗan ƙulli ne mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa, santsi, ba ya ciwo. Yawancinsu shekaru suke yi ba su motsa ba. Wasu kuwa suna girma su haɗe da juna, su fashe suna zubar da baƙin ruwa mai kauri, su toshe hanyar kashi, wasu su shiga cikin jiki.

Ka gaya wa ƙanen naka ya saba wa ɗan da ɗaga wutsiya tun yanzu, yadda ba zai yi harbi ba in ya girma. Daga shekara biyar zuwa sama, duk lokacin wanka a ɗaga a shafa ƙasan wutsiyar da hannu daga gindi zuwa ƙarshe, domin hannu yana jin ƙulli kafin ido ya gan shi. In an samu, a ɗauki hotonsa da waya, a ajiye tsinken ashana a gefensa don awo, a sake ɗauka bayan wata uku. Kada a ɗaure shi da zare, kada a yi masa lalas, kada wanzami ya sa aska. Likitan dabbobi yana cire ƙarami cikin sauƙi dokin yana tsaye, da allurar kashe zafi da ɗinki kaɗan. Wanda aka bari ya zagaye dubura kuwa ba ya ciruwa gaba ɗaya, sai dai a rage shi.